Alaska: Yadda Dajin da Rasha ta Sayar da Arha ya Zama Wurin Kallon Namun Daji

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma mai fataucin albasa daga yankin Aliero. Ya ce ɗansa da ke karatu a Amurka ya aiko masa da labari, wai ya tara 'yan kuɗi, in an yi hutu zai tafi wani wuri da ake kira Alaska don ya kalli namun daji. Malamin ya ce abin ya tsaya masa a rai. Yana son a ba shi tarihin wannan wuri, a kuma gaya masa ko gaskiya ne rana ba ta faɗuwa a can. Daga ƙarshe ya ce shi dai bai ga dalilin da zai sa mai hankali ya kashe kuɗi don kallon dabbar da ba zai yanka ba, ba zai kuma sayar ba.

To madalla, Malam, mun gode da wasiƙa. Sai ka gyara zama.

Ita dai Alaska jiha ce daga cikin jihohin Amurka 50, amma ba a haɗe take da sauran ba, ƙasar Kanada ce ta shiga tsakaninsu. Tana can ƙuryar arewa maso yamma, kusa da Rasha ƙwarai, har akwai wasu 'yan tsibirai biyu, ɗaya na Amurka ɗaya na Rasha, da tsakaninsu bai cika kilomita 4 ba. Girmanta ya kai wajen murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 700, watau saura kaɗan ta yi biyun Nijeriya. Amma a ƙidayar 1920 zuwa yau ba ta taɓa tara mutum miliyan ɗaya ba. A ƙidayar 2020 mutanenta wajen dubu 733 ne kacal. Saura duk daji ne da duwatsu da ƙanƙara. Tun dubban shekaru akwai 'yan asalin wurin, kamar Inufiyat da Yufik da Aliyut da Tilingit da Atabaskan, waɗanda ke rayuwa da su da farauta.

Baƙi sun fara sa ƙafa ne a 1741, lokacin da Rasha ta tura wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Denmak mai suna Bitus Bering ya gano abin da ke gabas da Sayiberiya. Ya ga gaɓar Alaska, amma a kan hanyar komawa jirginsa ya farfashe a wani tsibiri, can ya rasu a ƙarshen shekarar. Waɗanda suka tsira suka harhaɗa ɗan jirgi da katakon tsohon, suka koma gida a 1742 ɗauke da fatun karen ruwa na teku. Wannan fata babu mai gashi cunkus da laushi kamarta, kuma attajiran ƙasar Sin suna sayenta da tsadar gaske. Ka san halin kasuwa, da labarin riba ya bazu sai mafarauta da 'yan kasuwar Rasha suka yi ta kwarara.

A tsibirin nan da Bering ya rasu akwai wata dabbar ruwa, 'yar uwar ayun da ake samu a Binuwai da Neja, amma tsawonta ya kai wajen mita 8. Ba ta gudu, ba ta faɗa, ga nama ga kitse. Masu zuwa neman fata suka mai da ita guzuri. Zuwa 1768, shekara 27 ke nan da Turawa suka fara ganinta, ba ko ɗaya da ta rage a duniya.

Mutane ma ba su tsira ba. 'Yan kasuwar nan sukan kama mata da 'ya'yan Aliyutawa su yi garkuwa da su, su tilasta wa mazan shiga teku farautar karen ruwa. Ga kisa, ga cututtukan da baƙi suka kawo, har yawancin wannan ƙabila ya ƙare. A 1784 Rashawa suka kafa zango a tsibirin Kodiyak, a 1799 kuma Sarkin Rasha ya ba kamfani guda ikon cinikin fata a yankin duka. Mutanen Tilingit ba su yarda ba, suka ƙone sansanin Rashawa na Sitka a 1802, sai a 1804 aka ci su da yaƙi.

Daga nan fa sai ciniki ya fara ja da baya, domin an kashe karnukan ruwan fiye da yadda suke haihuwa. Kai manomi ne, ka san makomar wanda ya cinye iri. Ga shi Rashawan da ke zaune a Alaska ba su taɓa kai mutum dubu ɗaya ba, ga nisa, ga kuma Rasha ta sha kashi a yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856. Sarki Alekzanda na Biyu ya ga cewa in Ingila, wadda ke riƙe da Kanada a lokacin, ta so ƙwace wurin, ba abin da zai iya yi. Sai ya ga gara ya sayar ya karɓi ko nawa ne. Ran 30 ga Maris 1867 aka ƙulla ciniki da sakataren harkokin wajen Amurka, Wiliyam Suwad, a kan dala miliyan 7 da dubu 200, watau kowace eka wajen senti 2. Ran 18 ga Oktoba aka sauke tutar Rasha a Sitka. Wasu jaridun Amurka suka yi ta yi wa Suwad ba'a, wai ya sayo wa ƙasa rumbun ƙanƙara. Su kuwa masu ƙasar na asali, ba wanda ya nemi shawararsu, ba kuma wanda ya ba su ko anini.

Ba a daɗe ba masu ba'a suka yi shiru. A 1880 aka sami zinariya a inda garin Juno yake, wanda shi ne babban birnin jihar. A 1896 aka same ta a Kulondaik, cikin Kanada, mutum wajen dubu 100 suka kama hanya, yawancinsu ta Alaska, ko da yake ko rabinsu ba su isa ba. Sai kuma Nom a 1899, da Feyabanks a 1902. To, duk wannan taron jama'a sai sun ci. Sai ga mafarauta sun mai da harbin namun daji sana'a, suna kai nama sansanonin masu haƙar zinariya kamar yadda ake kai kaya kasuwa.

A nan ne labarin ya juya. Wani Ba'amurke mai suna Cals Sheldon, shi kansa maharbi ne, ya zauna a gindin dutsen Denali daga 1907 zuwa 1908 yana nazarin fararen tumakin dawa da ke zaune a kan duwatsu. Ya ga yadda ake karkashe su, ya kuma san cewa in aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa abin zai fi haka muni. Ya koma ya yi ta kai da kawowa wajen 'yan majalisa, har ran 26 ga Fabrairu 1917 Shugaba Wudro Wilson ya sa hannu aka keɓe wurin ya zama gandun namun daji na ƙasa. Kafin wannan, a 1911, Amurka da Rasha da Japan da Ingila sun ƙulla yarjejeniyar taƙaita farautar dabbobin teku masu fata. A lokacin an ƙiyasta karnukan ruwan da suka rage a duniya duka ba su wuce 2,000 ba. Da aka ƙyale su suka sake yaɗuwa, har suka koma dubbai masu yawa. Akwai kuma wata saniyar dawa mai gashi har ƙasa da ake kira maskos, wadda ta ƙare ƙaf a Alaska tun kafin 1900. A 1930 aka ɗauko guda 34 daga Girinlan, daga jikinsu garkunan da ke jihar suka fito.

Alaska ta zama jiha ta 49 a 1959. A 1968 aka gano man fetur mai tarin yawa a gaɓar arewa, aka kuma gama shimfiɗa bututu mai tsawon mil 800 a 1977. Maganar bututun nan ce ta tilasta wa gwamnati zama da masu ƙasa na asali, har a 1971 aka amince musu da eka miliyan 44 da kuɗi kusan dala biliyan ɗaya. A 1980 Shugaba Jimi Kata ya sa hannu a dokar da ta keɓe fiye da eka miliyan 100 don kare daji da dabbobi, ta kuma bar wa mutanen karkara damar farauta da su don abincin gida. Kada ka ɗauka kowa ya yi murna. Masu haƙar ma'adinai da maharba sun fusata ƙwarai, tun a 1978 har mutum-mutumin Kata aka ƙona a Feyabanks. Man fetur ɗin ma ya zo da nasa: a Maris 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya yi karo da dutse, galan wajen miliyan 11 ya malala cikin teku, ya kashe tsuntsaye dubbai ɗaruruwa da karnukan ruwa wajen 2,800.

Yanzu sai mu zo kan tafiyar yaronka, domin duk shirinta a kan wannan tarihi ya rataya.

Na farko lokaci. Baƙi sukan je ne daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba, sa'ad da sanyi ya lafa, hanyoyi da masaukai suka buɗe. Maganar rana kuwa gaskiya ce, amma ba ko'ina ba. A garin Utkiyagbik, can ƙarshen arewa, rana ba ta faɗuwa daga wajen 10 ga Mayu har farkon Agusta, sa'an nan daga tsakiyar Nuwamba ba ta fitowa sai bayan kwana sittin da 'yan kai. A Ankorej, birni mafi girma, takan faɗi, sai dai yini yakan kai awa 19 a watan Yuni. Dalili shi ne duniya a karkace take a zagayenta na rana, saboda haka ƙuryar arewa takan fuskanci rana wata da watanni, sa'an nan ta juya mata baya. Hasken nan mai launi-launi da ke wasa a sama da dare kuwa, wanda ya je a Yuni ba zai gan shi ba, sai dare ya dawo daga ƙarshen Agusta.

Na biyu hanya. Garuruwa da yawa mota ba ta zuwa, har da shi kansa Juno, sai jirgin sama ko na ruwa. Daga Ankorej akwai jirgin ƙasa da hanyar mota zuwa gandun Denali, inda dutse mafi tsawo a Amurka ta Arewa yake, mita 6,190. A cikin gandun hanya ɗaya ce tak, mai tsawon mil 92, kuma tun 1972 aka taƙaita shigar motocin jama'a don kada a kori dabbobi. Bayan mil 15 sai dai a shiga bas ɗin gandun. A 2021 zaftarewar ƙasa ta yanke hanyar a wajen mil 43, aka shiga aikin gada, don haka ya fara bincikar iyakar inda bas ke kaiwa kafin ya biya kuɗi. A nan ake ganin beyar, da kyarkeci, da tumakin nan na Sheldon, da barewar ƙanƙara da ake kira karibu, da kuma mus, wata dabba mai kama da gwanki amma ta fi doki tsayi. Wanda ke son ganin beyar na cafke kifin salmon a bakin gangaren ruwa sai ya nufi gandun Katmai a watan Yuli, amma can yawanci sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, ga tsada, ga shi tun watanni kafin lokaci ake kama masauki.

Na uku doka. A Denali an hana kusantar beyar ƙasa da yadi 300, an hana ba kowace dabba abinci, kuma mai kwana a daji sai ya kulle abincinsa a cikin wata gwangwani ta musamman. Ba wasa ba ne, a 2003 beyar ta kashe mutum biyu a Katmai, ɗayansu ya shekara 13 yana zuwa yana zama kusa da dabbobin har ya ɗauka sun saba da shi. Ka ce wa yaron ya tafi da rigar ruwa, da kayan sanyi, da maganin sauro, domin sauron Alaska a lokacin zafi sai wanda ya gani. Ya kuma sani daji ba gidan zu ba ne. Mutum na iya yini a bas ya ga beyar biyar, wani ya dawo da labarin gajimare kawai, don shi kansa dutsen yawancin kwanaki a rufe yake.

To, Malam, ga amsar tambayarka ta ƙarshe. Fatar karen ruwa sau ɗaya ake sayar da ita, kuma ka ga inda wannan ciniki ya kai Rasha. Beyar da ke raye kuwa, bana a biya kuɗi a kalle ta, baɗi ma a biya, direba ya samu, mai masauki ya samu, mai sayar da abinci ya samu. A shekarun da suka gabaci annobar korona baƙi fiye da miliyan 2 ke shiga jihar a shekara. Ko kuɗin yaronka sun isa wannan tafiya ba tare da sun taɓa na makaranta ba, wannan kai da shi za ku zauna ku lissafa, kuma haƙƙinka ne ka tambaya. Amma in sun isa, ba a ce ya yi ɓarna ba, Hausawa ma sun ce tafiya mabuɗin ilimi.

In ya je, ya ɗan duba kan duwatsu ko zai ga wani ɗan tsuntsu mai farin gindi, wanda nauyinsa bai wuce giram 25 ba. Wani binciken da aka bayyana a 2012 ya nuna cewa yakan yi ƙwai a Alaska, in sanyi ya matso ya ratsa Sayiberiya da ƙasar Larabawa, tafiyar kilomita wajen 14,500, ya sauka a gabashin Afirka, har da Sudan. Masu sauraronmu na can wataƙila ya sha sauka a gonakinsu ba su san daga inda ya fito ba.

Da fatan Malam ya gamsu. Allah ya kai yaro lafiya, ya dawo da shi lafiya. Sai mun ji daga gare ku.