Wa'adin 'Yan Majalisar Jihohi a Amurka: Wa Ya Ci Moriyarsa?

A shekarar 1990 masu jefa ƙuri'a a jihohin Oklahoma da Kolorado da Kalifoniya suka yanke wa 'yan majalisunsu wa'adi. Na Kalifoniya ya yi tsanani ƙwarai: shekara 6 a majalisar wakilai, 8 a ta dattawa, daga nan mutum ya bar kujerar har abada. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Willie Brown, wanda a lokacin yake riƙe da muƙamin kakakin majalisar wakilan jihar tun 1980, na cikin waɗanda aka yi domin su. Jihohi 22 ne suka kafa irin wannan doka, galibi ta ƙuri'ar da jama'a suka nema da kansu. Daga baya kotuna suka soke ta a jihohi huɗu, majalisun Idaho da Utah kuma suka janye tasu.

A ganina dokar ta kori tsofaffin 'yan majalisa ne, amma ikon da ke hannunsu bai koma wurin talaka ba. Kasafin kuɗin jiha ba karatun kwana ɗaya ba ne. Wanda ya san lokacinsa ƙidayayye ne, kafin ya gane inda kuɗi ke shiga da inda suke zurarewa, an fara yi masa sallama. Waɗanda suka rage da sanin kan aiki su ne gwamna da manyan ma'aikatansa da masu kamun ƙafa na kamfanoni, kuma biyun ƙarshe babu wanda ya zaɓe su, babu wa'adi a kansu. Majalisar da ba ta iya titsiye gwamna ta rasa rabin dalilin kafa ta.

Masu goyon bayan dokar za su ce kayar da mai ci abu ne mai wuya, domin kuɗi da suna suna tare da shi. Gaskiya ne, kuma koken ya cancanci a saurare shi. Sai dai ƙwararrun 'yan siyasar ba gida suka koma ba. Brown kansa ya zama magajin garin San Francisco a 1996. Masu zaɓe ma sun yi gyara: Kalifoniya a 2012 da Michigan a 2022 sun bar mutum ya yi shekara 12 a zaure guda. A Nebraska wa'adi ya fitar da ɗan majalisa Ernie Chambers a 2009 bayan shekara 38, amma da dama ta samu a zaɓen 2012, mutanen arewacin Omaha suka mayar da shi kujerarsa.