Layin Teku Da Aka Ja A Marwa

Wani mai sauraro ya taɓa bugo mini waya ana tsakiyar shiri, ya ce mu da ke Mayo-Oulo, da Mubi ta fi mana kusa da Duwala nesa ba kusa ba, ina ruwanmu da rikicin Bakasi? A ranar ban gamsar da shi ba.

Amsar a arewa ta faro. Ranar 1 ga Yuni 1975, a garin Marwa, Ahmadu Ahidjo, haifaffen Garwa, da Janar Yakubu Gowon suka sa hannu kan sanarwar da ta shata iyakar ruwa tsakanin Kamaru da Najeriya. Ko wata biyu ba a yi ba aka hamɓarar da Gowon, magadansa kuma suka ce majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da takardar ba. A 1981 aka kashe sojojin Najeriya biyar a yankin, a Disamba 1993 dakarun Najeriya suka shiga Bakasi. Kamaru ta san ƙarfinta bai kai ba, sai ta garzaya kotun duniya a 1994. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotun ta ba ta Bakasi, ta kuma tabbatar da sanarwar Marwa. An kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008.

A ganina, bayan samun nasarar ne aikin ya yi nauyi. A Satumban 2008 'yan bindiga suka shigo Limbe da kwalekwale masu inji suka fasa bankuna, a Oktoba aka yi garkuwa da ma'aikatan wani jirgin mai su goma. Wa gwamnati ta tura? Rundunar BIR, wadda aka kafa don murƙushe zargina, 'yan fashin da suka addabi hanyoyinmu na arewa. Sojojin da suka saba da daji da babban titi suka koma sintiri cikin ruwa da sunan BIR Delta.

Dalilin bai wuce ciniki ba. Audugar da Sodecoton ke saye a hannun manomanmu ta bakin teku take fita. Manyan motocin da ke tsallake gadar Binuwai a Garwa zuwa Injamena, yawanci kayan da aka sauke a Duwala suke ɗauke da shi. Man Cadi ma tun 2003 ta Kribi yake bi.

Da Boko Haram ta matsa wa yankin Arewa Mai Nisa a 2014, rundunar nan dai aka sake juyo da ita arewa, alhali tana riƙe da tsaron Bakasi.