Yadda Sabon Rai Don Kowa Ya Koma Na Wasu

 Idan na tambaye ku mene ne Sabon Rai, na san amsar da zan samu: ƙungiya ce a ikilisiya, masu anko da ganga, suna da Lahadinsu kamar yadda Zumuntar Mata take da tata. Amma waɗanda suka fara ta ba ƙungiya suka yi niyyar kafawa ba. Bari mu koma baya kaɗan.

A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kawo bishara ƙasar nan. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Kent a Bida, Gowans a Girku. Bingham kaɗai ya koma gida, kuma daga wannan mafari mishan ɗin SIM ya tashi. A 1904 SUM ta fara aiki a Wase. A 1932 aka sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. A 1954 aka kafa ECWA, TEKAN kuma a 1955. Kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, ikilisiyoyin kudancin Zariya da Filato sun sami majami'u da makarantu da asibitoci da fastocinsu.

A daidai lokacin da abubuwa suka zauna ne sanyi ya shigo. Iyaye sun sha kora da zagi kafin su karɓi bangaskiya, 'ya'ya kuwa sun tashi sun tarar da ita a gida kamar gado. Wa'azi ya zama aikin ɗan mishan da fasto da mai bishara, wato masu albashi. Sauran jama'a su zo sujada, su ba da baiko, su koma gida.

Wani ɗan mishan na SIM, Gerald Swank, wanda yake koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, ya damu da wannan hali. Ya ji labarin wani shiri da Kenneth Strachan ya fara a Nikaraguwa a 1960, wanda tushensa shi ne ikilisiya ba ta girma sai kowane mai bi ya zama mashaidi. A 1963 shugabannin ikilisiyoyi dabam dabam suka zauna a kan maganar, a 1964 kuma aka soma aikin a lardunan Zariya da Filato da sunan Sabon Rai Don Kowa.

Ku lura da inda suka fara. Ba su fara da fita wa'azi ba. Shugabanni ne suka fara keɓewa don su binciki zuciyarsu. Daga nan aka kafa ƙananan taron addu'a gida gida, aka koya wa masu bi yadda za su ba da shaida, manomi da matar aure da ɗan makaranta, kafin a fita ƙofa ƙofa. Sun gane cewa wanda bai tuba ba, ba shi da bakin kiran wani ga tuba. Aikin ya bazu a Arewa, har ya tsallaka zuwa waɗansu ƙasashen Afirka.

Mu ma mun ci moriyar wannan falkaswa. A shekarun 1970 Maguzawa da yawa a ƙasar Kano da Katsina suka karɓi bishara, kuma da yawa daga cikin masu bisharar da suka zauna a ƙauyukanmu daga waɗancan ikilisiyoyi suka fito. Mahaifina yana cikin waɗanda suka ba da gaskiya a lokacin. Ina yaro na ga yadda ake yi bayan kaka: da an gama shigar da hatsi rumbu, sai maza da mata su ɗauki tabarma da ɗan guzuri su tafi ƙauyuka, su kwana biyu ko uku. Ba wanda ya biya su.

Yau fa? Abin da aka fara domin kada a bar wa wasu kaɗan aikin, shi ne muka mai da shi na wasu kaɗan. In an yi maganar fita bishara sai ka ji an ce ai wannan na 'yan Sabon Rai ne. Ba laifinsu ba ne, su ne ma suka riƙe aikin. Mu ne muka sake komawa inda ikilisiya take kafin 1963.

Ba ku kaɗai nake nuna wa yatsa ba. A wata ikilisiya da na yi aiki, dattawa biyu sun shekara uku ba sa gaisawa saboda iyakar gona, amma duk wata ina miƙa musu Jibin Ubangiji, na yi shiru don kada baiko ya ragu. Ranar da wani saurayi ya tambaye ni ko abin da nake koya musu game da sulhu bai shafi dattawa ba, na rasa amsa. Sai da na fara tuba a gaban Allah kafin na iya taka ƙofar gidajensu.

Duk wanda ya yi noma a Bagwai ya san wuta-wuta. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa tana tsotsa, kafin furenta ya fito ta riga ta yi ɓarna. Ya kuma san gonakinmu ba sa hutawa, kowace damina ana noma su, don haka wanda ya dogara ga takin da kakansa ya zuba zai girbe kara. Tuban iyayenmu ya yi musu amfani, amma ba zai tsaya a madadin namu ba.

Ku karanta Wahayin Yahaya 3:14-22 a wannan mako. Ikilisiyar Lawudikiya ba ta musunci Kristi ba, ta dai ga kamar ba ta rasa kome ba, Ubangiji kuwa ya kira ta ga tuba. Bayan karatun, kowa ya nemi mutum biyu ko uku ku riƙa addu'a tare sau ɗaya a mako. Wanda yake gaba da wani ya je su shirya kafin Lahadi. Wanda ya ci kuɗin zumunta ya mayar. Sa'an nan ka tuna maƙwabcin da kuke noma kusa da juna, ka yi masa addu'a da sunansa, ka kuma zauna da shi da gaskiya da ladabi har rayuwarka ta ba ka bakin magana.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tuba, ya fara da ni. Amin.