Zubewar tsoka ga tsofaffi: yadda ake gane ta

A kara na tashi, kuma abin da dillalai suka fara koya min shi ne girman ciki ba nama ba ne. Sai ka taɓa gadon baya da cinya kafin ka san sa. To, haka lamarin yake ga iyayenmu. Dattijo zai iya ajiye teɓa, sikeli ya nuna nauyinsa bai ragu ba, alhali tsokar jikinsa tana zubewa.

Likitoci suna kiran wannan sakofeniya, sunan da wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa a 1989. Tsoka takan fara raguwa a hankali tun bayan shekara 30, abin ya ƙara sauri bayan 60. Haɗarinsa faɗuwa da karaya, musamman a ƙugu, wadda takan kwantar da tsoho gaba ɗaya.

Ƙa'idar da ƙwararrun Turai suka sabunta a 2018 ta sa ƙarfi a gaba, girman tsoka a baya. Da tambaya biyar ake farawa: yana shan wuya wajen ɗaukar kaya mai kilo 4 da rabi? Ratsa ɗaki fa? Tashi daga kujera? Hawa matakala 10? Sau nawa ya faɗi a shekarar nan? Kowace tambaya maki 0 zuwa 2 ce, idan jimla ta kai 4 sai a ci gaba da bincike.

Daga nan sai damƙa. Akwai 'yar na'ura da ake matsewa da hannu: ƙasa da kilo 27 ga namiji, ko 16 ga mace, rauni ne. Gwajin kujera kuwa a gida ma za ka iya yi wa Baba. Ya naɗe hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5. In ya wuce sakan 15, da magana. Ka jingina kujerar da bango, ka tsaya kusa da shi. Tafiyar mita 4 ma, in ta kai masa sakan 5 ko fiye, abin ya yi nisa.

Tabbatarwa sai da hoton DXA ko na'urar da ke auna jiki da ɗan lantarki, kuma ba kowane asibiti ke da su ba. In babu, tef ɗin tela ya auna sha-raɓa: ƙasa da santimita 31 alama ce. Amma ƙafa mai kumburi tana yaudarar tef.

Ni dai a ganina, ranar da dattijo ya koma sallah a zaune ba don ciwon gwiwa ba, a kai shi asibiti, kar a ce ai tsufa ne. Ciwon suga, tarin fuka, ƙoda da daji duk suna ramar da mutum, likita ne zai bambance. Mai ciwon ƙoda kuma kar a ƙara masa nama da wake sai likita ya yarda.