Kula da Mota a Ƙasar Damagaram: Ƙura, Mai da Hayaƙi

A ƙasar Damagaram mota da babur abin neman abinci ne. Da su ake kai hatsi kasuwar Dole, da su ake ɗauko marar lafiya daga ƙauye zuwa asibitin Zinder. Ranar da inji ya mutu, abincin gida guda ne ya tsaya. Abubuwa uku ne suka fi kashe inji a wannan yanki: ƙura, zafi da gurɓataccen mai. Dukansu ana iya rage ɓarnarsu da kulawa kaɗan, idan ana yin ta a kan lokaci. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Yadda inji yake aiki

Inji yana haɗa mai da iska, ya ƙone su a cikinsa, ƙarfin wutar ya juya ƙafafun mota. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan iska ta yi kaɗan, ko mai ba shi da kyau, ƙunar ba ta cika. Abin da bai ƙone ba shi ne yake fita ta salansa ya zama hayaƙi. Saboda haka hayaƙi mai yawa asara biyu ce: kuɗin mai ya tafi a banza, kuma jama'a sun shaƙi guba.

Ƙura da zafi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Hanyoyin ƙauye kuma yashi ne a kowane lokaci. Ƙurar da ta shiga inji tana gauraya da mai, ta riƙa cin ƙarfe kamar yadda dutsen wasa yake cin wuƙa.

Matatar iska, wato filta, ita ce ke tare wannan ƙura. A buɗe ta a duba kowane mako a lokacin hunturu. A kakkaɓe ta a hankali. Idan ta toshe ko ta yage, a sake sabuwa. Kada a huda ta, kada kuma a cire ta da sunan inji zai ƙara ƙarfi.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Zafi yana tsinka man inji, yana kuma ƙone ruwan lagireto. A duba su duka biyu da safe kafin a tayar da mota. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin tafasasshen ruwa yana iya ƙona fuska da hannu.

Juyen man inji

Man inji yana hana ƙarfe gugar ƙarfe, yana kuma kwashe datti. Idan ya daɗe sai ya yi baƙi, ya daina aiki. Masu ƙera motoci suna ba da shawara a rage tazarar juye a wuraren ƙura da zafi. Ga tsofaffin motocin da suka fi yawa a nan, juye a kowace tafiyar kilomita 5,000 ya dace. Tafiya daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ce, ke nan zuwa da dawowa sau uku sun isa a yi juye. A sake matatar mai tare da man. A rubuta rana da lambar kilomita a ƙaramin littafi, a ajiye shi cikin mota. Wanda ya koyi karatu da rubutu ba ya dogara da tuni a wannan al'amari.

Man da aka juye guba ne. Kada a zubar da shi a ƙasa, ko kusa da rijiya ko tafki.

Daga ina mai yake zuwa?

A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Zinder, kan hanyar Tanut. An gina ta don ta tace ganga 20,000 a rana. Ɗanyen man yana zuwa daga Agadem a jihar Diffa, ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460. Kamfanin SONIDEP ne yake raba tataccen man ga gidajen mai.

Akwai kuma man da ake sayarwa a kwalba da jarka a bakin hanya. Shekaru da yawa akasarinsa daga Najeriya yake shigowa, saboda gwamnatin can tana biyan tallafi, mai ya yi araha. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin, farashi ya tashi, abin da ke tsallakowa ya ragu. A watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai a garuruwan Nijar. A irin wannan lokaci na ƙaranci ne aka fi samun mai da aka yi wa algus.

Yadda ake gane gurɓataccen mai

Man kwalba ba dole ne ya zama mummuna ba, amma ba wanda ya auna shi. Yana iya ɗauke da ruwa, ko yashi, ko tsatsar duro, ko kananzir. Ga gwaji biyu masu sauƙi:

1. A zuba kaɗan a farar kwalba, a bar shi ya kwanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai taru a ƙasa tare da datti.
2. A ɗiga shi a kan farar takarda. Fetur mai kyau yana bushewa da sauri. Idan ya bar tabon maiƙo, an gauraya shi.

Idan dole ta sa aka saya, a tace shi da tsumma mai tsabta. Kada a zuƙi fetur da baki ta tiyo, domin yana illa ga huhu. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu. Araha ba ta ado: abin da aka rage a kuɗin lita ba ya biyan gyaran famfon mai.

Tukunyar tace hayaƙi

Yawancin motocin da ke yawo a Zinder na hannu ne, daga Turai da wasu ƙasashe. A Turai, tun daga 1993 sabuwar motar fetur takan zo da wata tukunya a jikin salansa. Cikinta kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Idan hayaƙi ya ratsa ta, sai ta mayar da yawancin gubarsa iska mai sauƙin illa.

A da, dalmar da ake sa wa fetur ita ce ke kashe wannan tukunya. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da fetur mai dalma a farkon 2006, duniya baki ɗaya kuma a 2021. Yanzu abin da ke lalata ta shi ne mai marar kyau, da mataccen fulogi, da inji mai shan man inji. Wasu kuma suna yanke ta su sayar saboda ƙarafan da ke ciki. Mai sayen mota ya sa makanike ya duba ko tana nan. Idan fitilar inji ta kama a gaban direba, kada a cire ƙwan fitilar. A nemi dalilin kamawarta.

Launin hayaƙi

Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A fara duba matatar iska.
Shuɗin hayaƙi yana nuna inji yana ƙona mansa. Ringi ya ci.
Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A tsaya, a nemi makanike.

Hayaƙi da lafiyar jama'a

Masu tallar abinci a tasha, da ƴan kabu-kabu, da yara masu tafiya makaranta, su ne suka fi shaƙar hayaƙin mota. Yana tayar da asma, yana kawo tari, yana raunana zuciya. A cikinsa akwai wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari, wadda take kisa a rufaffen wuri. Kada a bar mota, ko babur, ko injin wuta suna aiki a cikin ɗaki ko zaure.

Abin tunawa

Kowace safiya: man inji, ruwa, taya da birki.
Kowane mako: matatar iska da ruwan batir.
Kowane kilomita 5,000: juye da sabuwar matatar mai.
Kowane lokaci: a san inda aka sayi mai, a lura da launin hayaƙi.