Tsoffin Ramukan Zinariya da Ilimin Mahaƙa Rijiya

Ƙasar Gumel ƙasar rairayi ce, ba ta zinariya ba, amma labarin zinariya ba ya tsayawa a iyaka. A shekarun 1930 Turawa sun haƙi zinariya a Birnin Gwari da Zamfara, Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa aikin, aka bar ramuka a buɗe, mahaƙan gargajiya suka gaje su. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa na Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Wani zai ce talauci ke tura mutum rami, kuma ajali ba ya jinkiri. Haka ne, amma mahaƙan rijiyoyin Maigatari da Gagarawa ma talakawa ne, kuma sun daɗe da sanin rairayi ba ya riƙe gefe. Sukan ɗaure bangon rijiya da siminti, a tsohuwar rijiya kuma su zura fitila tukuna. In ta mutu, ba mai sauka. Tsohon rami ya fi sabo haɗari, domin damina ta ci gefensa, iskar ƙasansa ta gurɓace. Saurayin da ya ɗaura niyyar tafiya haƙar zinariya, ya fara zama da mai haƙar rijiyar garinsu.