Baƙon Da Ya Mallaki Jaridar Legas



Mu da muke zaman baƙunci a garin nan ya kamata mu san labarin Lagos Weekly Record, domin jaridar mako-mako ce da ta yi kusan shekara 40 ana jin muryarta, alhali mai ita baƙo ne kamar mu. John Payne Jackson a Laberiya aka haife shi, kuma fatauci ya fara yi, sai da jarinsa ya karye sannan ya koma riƙe littafin kuɗi a jaridar Lagos Times wadda attajiri Richard Blaize ya kafa a 1880. Ba su daɗe ba suka raba gari, jaridar ma ta tsaya. A 1890 Blaize ya yarda Jackson ya farfaɗo da ita, amma rigimar kuɗi ta sake shiga tsakaninsu, sai Jackson ya canza suna a 1891, jarida ta zama tasa.

To a nan ne abin lura yake. A farkon shekarun nan gwamnatin Turawa tana ba shi fam 150 a shekara don buga sanarwarta, kuma a lokacin ne jaridar ta goyi bayan Gwamna Carter da ya kai wa Ijebu yaƙi a 1892. Duk ɗan kasuwa ya san da wuya ka ɗaga wa babban mai sayen kayanka murya. Da kuɗin suka tsaya a 1900, sai harshen jaridar ya ƙara kaifi, ta dinga sukar Turawa a kan filaye da haraji, daga baya ta sa Lugga a gaba. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin dacewa kawai ba.

Jackson ya rasu a 1915, ɗansa Thomas Horatio ya gaje shi, kuma ya ma fi uban zafi. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NNDP tare da Herbert Macaulay a 1923, a 1925 kuma aka ɗaure shi bisa laifin raina kotu. Amma dukiyar gida ɗaya ce, babu masu hannun jari da za su tallafa, ga kuma jaridun kullum irin su Daily Times ta 1926 sun shigo kasuwa. A 1930 aka daina buga ta.